Kafin ka sayar da tsohon injin kwalekwale

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana masu kwalekwale, daga Nasia kusa da mu nan Walewale har Makango da Yeji, ta can gefen Salaga.

Mahaifinmu ya bar mana inji mai doki 40. Bara ya soma tari, ka ja igiya sau goma bai tashi ba. Yayana ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Na ƙi, domin hannun Baba ne ya goge fentin mariƙinsa har ƙarfe ya fito.

Makaniki ya kwance shi a gabana. Man giya ya koma fari kamar nono, alamar ruwa ya shiga. Robar famfon ruwa ta tsattsage, shi ya sa injin yake zafi, kabureta kuma ta cika da datti. Amma fistin da silinda lafiya lau. Da su ne suka ci, wallahi da na bi shawarar Yaya, don gyaransu kan cinye kuɗi mai yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, wajen watan Agusta ko Satumba, kogin Farin Volta ya cika ya malale gonaki. Inji ya mutu a tsakiyar wannan ruwa da mata da yara a ciki, ai sai dai Allah ya kiyaye. Don haka ku kai a duba naku tun da rani. Namu yana aiki, amma ba na shiga ruwa sai da filafili biyu.

Mai karatu,
daga Walewale, Gana