A Koma Kan Rabi Da Sulusi

Tun da aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin 1976, aka kuma farfaɗo da jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, cikin 2002, magidanta da malaman firamare da ma'aikatan ofis masu yawa sun koma neman digiri bayan sun daɗe da barin aji. Wannan abin farin ciki ne, gama gemu ba ya hana ilmi. Amma akwai wani tuntuɓe da ya ke kayar da su, har waɗansu su yanke ƙauna su bar karatun, bayan sun kashe kuɗin da suka daɗe suna tarawa. Tuntuɓen nan kuwa shi ne lissafin kashi-kashi, irin su rabi da sulusi da rubu'i, wanda a ke koyarwa tun a firamare.

Ga misali. A ce wa mutum ya tara 1/2 da 1/3, sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce 2/5. To, ashe 2/5 bai kai ko rabi ba! Yaya za a ƙara wa rabi wani abu, sa'an nan ya ragu? Kafin naira ta zo cikin 1973, ko 'yar talla ba ta yin wannan kuskure. Ta san sule kwabo 12 ne, rabinsa sisi, watau kwabo 6, sulusinsa kwabo 4. In an gama, kwabo 10 ke nan cikin 12, watau 5/6.

Aljabara kuwa wannan doka ce dai, sai dai an sa haruffa a madadin lambobi. Wanda ya ce 2/5 ɗazu, in ya tarad da 1/a + 1/b, lalle zai rubuta 2/(a+b), alhali amsar ita ce (a+b)/ab. Daga nan duk abin da malamin jami'a ya ɗora masa a kai sai ya rushe. Abin da ya ke bukata ƙaramin gyara ne a tushe, ba don ba shi da kai ba.

Kada kuma a ɗauka ilmin nan baƙo ne a gare mu. Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin a kan rabon gado da wasiyya ya ke. Malamanmu na zaure har yau suna fid da sumuni da sudusi ba tare da na'ura ba.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya koma karatu ya ajiye kunya, ya ari littafin lissafin ɗansa na aji biyar, ya riƙa aiki da shi rabin sa'a kullum, da fensir da takarda, ban da kalkuleta. Matambayi ba ya ɓata. Jami'o'i kuma ya kamata su jarraba irin waɗannan ɗalibai tun makon farko, su buɗe musu ajin bita kafin a shiga manyan darussa. Kwalejojin horon malamai su ma sai su lura, kada su yaye malamin da ya haddace doka amma bai san dalilinta ba, domin a hannunsa ne ɓarnar ta ke farawa.

Allah ya sa masu ji su ji.