Aikin Gwamnati Amana Ne: Su Wa Muka Bari A Bakin Ƙofa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki ma'aikata, a Musawa ko Malumfashi ko Funtuwa, kafin matashi ya lalubo takardunsa sai ya fara lalubo wanda ya sani. Mai uwa a gindin murhu ya samu, gurgu da makaho da ɗan ƙauye mai nisa su koma gida. Mun saba da haka har ya daina ba mu kunya, alhali ya saɓa wa dokar ƙasa, ya kuma saɓa wa addininmu.

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa gwamnatin tarayya ta yi la'akari da kowane yanki wajen naɗe-naɗe, ƙaramin sashe na 4 kuma ya ɗora irin wannan nauyin a kan jihohi da ƙananan hukumomi. Sashe na 42 ya haramta a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko garin asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Tun 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai domin sa ido a kan wannan. Amma a 2023, gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai, wani tsohon ma'aikacin hukumar ya amsa cewa ya karɓi kuɗi a hannun masu neman aiki. Doka ba ta tsare kanta idan babu tsoron Allah a zukatan masu riƙe da ita.

Waɗanda aka fi mantawa su ne masu buƙata ta musamman. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya duba ofishin da ya fi kusa da shi: matakala nawa ce a ƙofar, kuma naƙasassu nawa ne ke zaune a bayan tebur?

Mu Musulmi ba mu da uzuri a nan. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Daga baya ya zama ladanin Annabi (SAW) tare da Bilalu, kuma an sha bar masa Madina ya yi wa mutane limanci idan Annabi ya fita. Shi kuwa Abu Zarri, da darajarsa duka, da ya nemi muƙami an hana shi, aka gaya masa yana da rauni kuma abin amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ma'aunin da aya ta 26 ta Suratul Ƙasas ta nuna biyu ne: iya aiki da riƙon amana. Babu dangi a ciki, babu jam'iyya.

Wasu za su ce raba-daidai yana kashe cancanta. Tsoronsu yana da tushe, domin an sha fakewa da kason yanki a cusa wanda bai iya ba. Abin a yaba ne da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta bi ta hanyar jarrabawa wajen ɗaukar malaman makaranta sama da 7,000 a 2023. Sai dai jarrabawa tana auna waɗanda suka iso zauren ne kawai. Makahon da ba a tanadar masa takardar makafi ba, da yarinyar da sanarwa ba ta kai ƙauyensu ba don a intanet kaɗai aka yi ta, an kayar da su tun kafin a raba takarda. Adalci shi ne a buɗe wa kowa ƙofa, sannan a zaɓi wanda ya fi.

Mu ma a gidajenmu akwai gyara. Muna son mace ta karɓi haihuwar matanmu, amma muna jan ƙafa wajen barin 'ya'yanmu mata su karanci aikin ungozoma. Ɗan Fulanin da ya yi karatu bai kamata ya ɗauki laifin 'yan bindiga ba, kuma rufe masa ƙofa ƙarin itace ne a wutar da ke cin yankinmu. Maƙwabcinmu Kirista ko Bamaguje shi ma yana da haƙƙi a dukiyar da ake biyan albashi da ita.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, nauyin shugabanninsu ya ƙaru. Muna kira a riƙa shelar guraben aiki a rediyo da masallatai da fadar dagatai, a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka mazaɓa-mazaɓa, a cika kason masu buƙata ta musamman. Ɗalibi kuma ya sani, wanda ya sayi aiki da cin hanci ya ci haƙƙin wani, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.