An Ƙirga Kujeru, An Manta Da Na'urorin Da Ke Kan Layi

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati ko na babban kamfani a ƙasar nan ya san lambar nan da ake rubutawa da farin fenti a bayan kujera da gefen tebur. Da ita ce odita yake bi ɗaki-ɗaki a ƙarshen shekara, yana tabbatar da cewa abin da ke cikin littafi yana nan a ƙasa. Abin mamaki shi ne, hukumar da za ta faɗi yawan fankokinta ba kuskure, sau da yawa ba ta san yawan na'urorin da ke jone da layin kwamfutocinta ba, alhali kuwa a can ne kuɗinta da asirin abokan cinikinta suke kwana.

Wanda yake ganin abin bai taka kara ya karya ba, sai ya dubi abin da ya sami cibiyar JPL ta Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA. A watan Afrilun 2018 aka gano cewa wani ɓarawon bayanai ya kutsa cikin layin cibiyar ta kan wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, kuɗinta kuma bai wuce dala 35 ba. Wani ne ya jona ta ba da izini ba. Rahoton da babban sufeton hukumar ya fitar a watan Yunin 2019 ya nuna cewa ɓarawon ya yi kusan wata 10 yana kai da komowa ba a farga ba, har ya kwashe fayil 23, biyu daga ciki sun shafi aikin binciken duniyar Mars.

Inda gizo ke saƙar shi ne, cibiyar tana da rajistar na'urori. Sai dai jami'an da ke kula da ita ba sa cika ta a kan kari, kuma 'yar kwamfutar nan ba ta ciki. Mutanen da suka iya sauke mota a wata duniya, ƙidayar kayan gida ce ta kayar da su.

Kamfanin Equifax kuwa a aljihu ya ji. A 2017 an sace bayanan mutum miliyan 147 daga hannunsa ta wata kafa da aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar, domin kamfanin ba shi da cikakken lissafin inda manhajar da ke da matsalar take. A 2019 ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kaiwa dala miliyan 700.

Aikin manhajar binciken layi ba wani tsafi ba ne. Takan zaga layin ofis, ta tambayi kowace na'ura lambarta, da irin manhajar da ke kanta, da ranar da aka sabunta ta, sannan ta gwada da rajista. In baƙuwa ta bayyana, ko wayar wani ce, ko kyamarar tsaro, ko tsohuwar firintar da aka manta a sito, sai ta sanar. Kusan dai tantance ma'aikatan bogi ne, sai dai wannan kullum ake yin sa.

Amma sayen manhajar kaɗai ba ya fisshe kowa, kuma a nan ne shugabannin kamfanoni suka fi yin sake. Idan sashen da ke kula da kwamfutoci shi ne kuma yake karɓar rahoton binciken kansa, to an ba kura ajiyar nama ko da kurar mai gaskiya ce, don babu mai son kai ƙarar sakacinsa. Haka kuma bai kamata a karkatar da ita zuwa leƙen wasiƙun ma'aikata ba. Wannan wata magana ce daban, mai nata hukunci.

Doka ma ta riga ta matso. Babban Bankin Nijeriya ya fitar wa bankuna ƙa'idojin tsaron kwamfuta tun 2018, kana Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi satar bayanan da ka iya cutar da jama'a. Kamfanin da bai san na'urorinsa ba, ta yaya zai san ta ina aka shiga, balle ya yi bayani cikin kwana uku?

Ya kamata kwamitin binciken kuɗi na kowane banki da kamfanin inshora ya riƙa karɓar rahoton nan kai tsaye duk wata uku, ɗauke da adadin na'urorin da ke cikin rajista, da adadin da manhaja ta tarar a kan layi, da sunan jami'in da zai yi bayanin bambancin.