RIƘON ƘWARYA KO ƘWACEN ƘWARYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Duk wanda ya bar Kaduna ya nufi Abuja a mota, bayan ya haye kogin Kaduna ya wuce Kakuri, sai ya ratsa Gonin Gora ta ƙaramar hukumar Chikun. Unguwa ce ta masu neman na tuwo, 'yan tireda da direbobi da ma'aikata, amma sunanta ya shiga bakin mutanen ƙasar nan ta hanyar da babu unguwar da za ta so. Da zarar gari ya ɗauki zafi sai a fara tambayar juna: an buɗe Gonin Gora kuwa? Mu a wajenmu wannan tambaya tana da tushe, kuma ɗaya daga cikin manyan jijiyoyinta yana cikin abin da mahukunta suka aikata a shekarar 1993, ranar da suka koya wa talakawa cewa ƙuri'a ba komai ba ce, doka kuwa rigar aro ce da mai bindiga ke tuɓewa duk lokacin da ta matse shi.

Bari mu tuna wa manya, mu kuma sanar da yara. A ranar 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Alhaji Moshood Abiola na jam'iyyar SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC, jam'iyyu biyun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙira da hannunta, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. Jama'a suka fito suka yi layi cikin lumana. Abiola, mutumin Abeokuta, ya kayar da Tofa har a jihar Kano, mahaifarsa. Ana cikin bayyana sakamako aka dakatar da hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu, a ranar 23 ga Yuni kuma aka ce an soke zaɓen ɗungurungum. Da mutanen Legas suka fito zanga-zanga a farkon Yuli, sai aka tura musu sojoji, aka harbe mutane da dama a kan titi. Aka kama su Gani Fawehinmi da Femi Falana da Beko Ransome-Kuti, aka garƙame gidajen jaridu irin su Concord da Punch.

Waɗanda suke Kaduna a watannin nan cikinmu ba su manta ba. Jita-jitar yaƙi ta cika gari, mutanen kudu da suka shekara da shekaru a tare da mu suka riƙa ɗaure katifu da tukwane a kan manyan motoci suna barin Arewa, 'yan Arewa mazauna Legas da Ibadan su ma suna tururuwar dawowa gida. Babu wanda ya tambayi ɗayansu wa ya zaɓa. Janarori sun yi lissafinsu a Abuja, mai sayar da kayan gyaran mota da mai sayar da goro su ne suka kwashi 'ya'yansu suka hau titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan ne aka fito da maganin da ya fi cutar muni. A ranar 26 ga Agusta 1993 Babangida ya sauka, ya miƙa mulki ga abin da aka kira gwamnatin riƙon ƙwarya a ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban kamfanin UAC. Mu tsaya mu dubi wannan kalma, domin Bahaushe bai sa ta a banza ba. Ana riƙe wa mutum ƙwarya ne idan ba ya nan, ko hannunsa bai kai ba, da sharaɗin in ya zo a miƙa masa abinsa. Amana ce. To yaya sunan wanda ya ture mai ƙwarya alhali yana tsaye, ya miƙa ta ga wani, ya ce riƙe? Wa ya zaɓi Shonekan? Mutum nawa suka yi layi a rana dominsa? An ɗauko shi daga Abeokuta, garin Abiola, don a rufe bakin Yarbawa, kamar dai abin da aka ƙwace na ƙabila ne, alhali haƙƙi ne na duk wanda ya jefa ƙuri'a, har da Bakano da Bazazzagi.

Adalci ya sa mu faɗa cewa Shonekan ya saki wasu daga cikin waɗanda aka tsare. Amma gwamnatin da ba ta da tushe ba ta iya kare kowa, ko kanta. Bindiga tana hannun Janar Sani Abacha, wanda aka bar wa ma'aikatar tsaro. A ranar 25 ga Oktoba wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin saman Nigeria Airways zuwa Yamai saboda fushin soke zaɓen. A ranar 10 ga Nuwamba Mai shari'a Dolapo Akinsanya ta babbar kotun Legas ta yanke hukuncin cewa gwamnatin haramtacciya ce. A cikin watan ne kuma gwamnatin da babu wanda ya wakilta ta ɗaga farashin litar fetur daga kwabo 70 zuwa naira 5, ma'aikata suka tafi yajin aiki. A ranar 17 ga Nuwamba Abacha ya karɓe ƙwaryar, ba ta ko cika wata uku a hannun mai riƙon ba. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An kama Abiola a Yuni 1994, ya mutu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. An harbe Kudirat Abiola a Legas a Yuni 1996. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Wanda ya ɗauka a lokacin cewa wutar gidan Yarbawa kaɗai za ta ci, ya ga ta ci gida a Katsina.

Wani zai ce, me ya haɗa wannan da Gonin Gora? Ga abin da ya haɗa su. Al'ummar da ta ga an take ƙuri'arta ba a hukunta kowa ba, ta ga an harbe masu zanga-zanga ba a gurfanar da kowa ba, takan yanke ƙauna daga akwatin zaɓe da kotu, kowa ya koma ga ƙabilarsa da addarsa. Bayan zaɓen Afrilu 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, mafi yawansu a jihar Kaduna, Musulmi da Kirista. A ranar 17 ga Yuni 2012, bayan an kai hare-haren bam kan majami'u a Zariya da Kaduna, wasu matasa suka tare hanya a Gonin Gora suna fito da matafiya daga motoci suna kashewa. Wanda ya tayar da bam a majami'a azzalumi ne, wanda ya kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma azzalumi ne, kuma dukansu ɗalibai ne na makarantar da ta koyar da cewa mai ƙarfi ba ya amsa tambaya. Ba mu ce soke zaɓen 1993 ne kaɗai ya raba Kaduna gida biyu a kan kogi ba. Rikicin 2000 da na 2002 sun yi nasu aikin. Amma rashin hukunci uwa ɗaya ce ga dukansu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ta ba Abiola lambar girmamawa mafi girma a ƙasa. A Fabrairu 2025 Babangida da kansa ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Bayan shekara 32! Wa zai dawo da waɗanda aka harbe a titunan Legas? Wa ya biya diyyarsu?

Muna wannan tunatarwa ne domin maganar ba ta mutu ba. Bayan zaɓen 2023 hukumar tsaro ta farin kaya ta ce ta gano masu kitsa kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, sojojin da suka yi juyin mulki a Yuli 2023 sun yanka wa kansu wa'adin shekara biyar a Maris 2025. Mai riƙo ba ya gajiya da riƙo.

Matsayinmu a bayyane yake. In an yi maguɗi, a tona shi, a hukunta mai yi komai girmansa, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko da ba namu ba ne, ko da ba mu zaɓe shi ba. Kada fushin zaɓe ya sa mu buɗe wa mai bindiga ƙofa, kada kuma ya sa ɗanmu ya ɗaga hannu a kan maƙwabci ko matafiyi. Ranar da direba zai wuce Gonin Gora, mutumin Gonin Gora kuma ya kwana a Tudun Wada, babu mai tambayar sunan wani, ranar ce za mu ce ƙwarya ta koma hannun mai ita.

Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta. Wassalam.