RA'AYI: Wankan Sauti Na Kwantar Da Hankali, Amma A Riƙe Maganin Likita

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube a 'yan shekarun nan da wuya a ce bai ci karo da hoton ba. Mutane kwance bisa tabarmi, idanu a rufe, wani yana zagaya bakin kwanonin tagulla da ɗan sanda, amo na tashi ya daɗe kafin ya ɓace. Turawa sun raɗa wa abin suna wankan sauti, wai don amon yana lulluɓe mutum kamar ruwa. Kwanonin, waɗanda akasari a Nepal da Indiya ake ƙera su, sun fara farin jini a Amurka da Turai tun shekarun 1970, yanzu kuma kuɗi ake biya a manyan birane kafin a kwanta a saurara.

Abin da ya sa batun ya shafi gari irin Tsarnawa shi ne waya. Garin yana kan mararrabar da hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, kusa da Birnin Ƙonni, a jihar da ta yi suna wajen tafiya ci-rani. Matasan yankin suna Abijan, suna Libiya da Aljeriya, suna Legas. Abin da ɗa ya gani a can da safe, kafin la'asar yana cikin wayar mahaifiyarsa ta WhatsApp. Matsalar kuwa, da yawa daga cikin sautukan nan suna zuwa da alƙawari a manne: wannan yana sauke hawan jini, wancan yana wanke ƙoda, ɗayan yana gyara ƙwayoyin halitta.

Gaskiyar magana, sauti mai daɗi yana kwantar da hankali, kuma hakan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai daga kwantar da hankali zuwa warkar da cuta akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar ce ake iya rasa rai.

A fara da abin da bincike ya tabbatar. A shekarar 2015, mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa nazarin da masana a Birtaniya suka yi kan gwaje-gwaje 73 da suka ƙunshi marasa lafiya kusan 7,000 da aka yi wa tiyata. Waɗanda aka kunna wa kiɗa sun samu sauƙin raɗaɗi da fargaba, sun kuma rage neman maganin ciwo. Amma kiɗan bai rage kwanakin da suka yi a gadon asibiti ba. Dalilin sauƙin ba boyayye ba ne: idan mutum ya natsu, numfashinsa yakan daidaita, bugun zuciya ya sassauta, hankali ya bar wurin da ke ciwo.

Shi kuwa wankan sauti kansa, hujjarsa ba ta kai haka ƙarfi ba. Binciken da masu tallarsa suka fi ambata, wanda aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 62 kawai ya ƙunsa. Sun ce sun ji gajiya da ɓacin rai sun ragu, amma ba a kwatanta su da wasu da suka kwanta shiru ba tare da kwanoni ba. Duk wanda ya samu awa guda a kwance, babu kira, babu mai bin bashi, zai tashi da sauƙi ko da kwano ko babu.

Sai batun lambobi. Ana yawan rubuta 432 ko 528 a jikin bidiyon, a ce su ne mitar waraka. Lambar tana nufin sau nawa sauti ke girgiza a daƙiƙa ɗaya, shi ke nan. Babu gwajin asibiti da ya nuna wata lamba tana kashe ƙwayar cuta ko narkar da ciwon daji. Inda likitoci ke aiki da sauti da gaske, da na'ura suke yi: hoton cikin da ake ɗaukar mai juna biyu da igiyar sauti ake yin sa, haka ma fasa tsakuwar ƙoda, wanda aka fara a birnin Munich na Jamus a 1980. Lasifikar waya ba ta da wannan ƙarfin.

Wani abin lura shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Uwa ta san waƙar reno da ke sa jariri barci, mata sun san luguden da ke rage nauyin daka, manomi ya san abin da ganga ke yi wa gayya. A ƙasar Adar, wadda Illela ke zaman fadar sarkinta, an daɗe ana amfani da goge da ƙwarya wajen girkar bori, inda kowane iska ke da nasa taken. Wata mai bincike 'yar Faransa, Nicole Échard, ta shafe shekaru tana nazarin wannan al'ada, ta kuma wallafa littafi a kanta a 1989. Malamai sun yi tir da bori, mafi yawan jama'a sun bar shi, sun riƙi karatun Alƙur'ani da zikiri da addu'a, inda musulmi ke samun natsuwar da ba sai ya biya ko dala ba. Abin nufi, matashin Tsarnawa ba ya buƙatar kwanon Nepal kafin ya san cewa kunne ƙofa ce ta zuciya.

Yankin ya kuma san illar ɗora wa irin wannan hanya nauyin da ya fi ƙarfinta. Ma'aikatan lafiya a ko'ina cikin karkara suna kokawa da yaron da aka kawo bayan zazzaɓin cizon sauro ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa, saboda an tsaya gwada wasu hanyoyi a gida. Sabon yayin na iya maimaita wannan kuskure cikin rigar zamani. Hawan jini ne babban misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su ma sani ba, domin sau da yawa ba ya nuna alama. Dattijuwar da ta saurari sauti ta ji jikinta ya yi sakayau, ta ajiye ƙwayar da likita ya rubuta, jininta na iya kasancewa a sama har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Na'urar awo kaɗai ke faɗin gaskiya.

Haka yake ga ɗan ci-ranin da kewa da rashin takardu da matsin aikawa da kuɗi gida suka hana barci. Sauti mai laushi zai iya taimaka masa ya runtsa. Amma idan makonni suka wuce ba ya cin abinci, ba ya son magana, ko ya fara tunanin cutar da kansa, mutum yake buƙata, ɗan'uwa ko ma'aikacin lafiya, kuma da gaggawa.

Akwai ma wani ɓangare da masu tallar ba sa taɓawa: sautin da ke cutarwa ya fi yawa a rayuwar matasa. A mararraba irin Tsarnawa, hon ɗin manyan motocin da ke jigilar sumuntin Malbaza da albasar Galmi, da injin niƙa, da janareto, da kabu-kabu, da lasifikar biki, duk a kunne ɗaya suke sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Wanda ya kwana da abin sauraro a kunne, ya ƙure murya da sunan neman waraka, cuta yake saya wa kansa.

Saboda haka, mai son wankan sauti ya yi, ba laifin lafiya a ciki idan murya na ƙasa. Amma kafin ɗan ci-rani ya tura wa mahaifiyarsa sautin da aka ce yana sauke jini, gara ya tura kuɗin mota zuwa asibitin Ƙonni ko na Galmi, ko CSI mafi kusa, a auna ta. Sannan ya kira ta ya ji sakamakon. Muryar ɗanta za ta kwantar mata da hankali fiye da kowane kwanon tagulla, maganin kuma a bar shi inda likita ya ce.