RAMIN TITI DA HAƘƘIN TALAKA: WA ZAI BIYA DIREBAN HAƊEJIYA?

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai.

Duk wanda ya bi hanya a ƙasar Haɗejiya bayan ɗaukewar damina ya san abin da direbobi suke sha. Mota ta ɗauko shinkafa daga Auyo, ko kifi daga Guri, ta afka rami, taya ta fashe, shokazoba ta tsinke, kayan mutane su kwana a daji. Direba ya ciwo bashi ya sallami bakanike. Washegari da asuba kuwa mai rasit yana tsaye a bakin tasha yana jiran kuɗin shiga. Karɓa ba ta taɓa makara. Gyara ne kullum ake cewa sai an samu kuɗi.

In bawan Allah ya ɗauki kukansa zuwa sakateriya, sai a ce wannan hanya ta Tarayya ce, ya nemi FERMA, hukumar da aka kafa a 2002. Can kuma a ce ta jiha ce, ya nufi Dutse. A Dutse a maido shi wajen Ciyaman. Tsarin ya raba hanyoyi gida uku, kowane gida kuma ya mai da rabon mafakar gudun alhaki. Alhali tsarin mulkin 1999, wanda su da kansu suke rantsuwa da shi, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da kula da su. Wato ko dokar da suka rubuta da hannunsu ba su cika ba, balle ta Allah!

In kuma ya ce zai je kotu, akwai tarkon da Turawan mulkin mallaka suka ɗana tun 1916: dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce in wata uku ya wuce ba a shigar da ƙara ba, magana ta mutu. Talakan da ya yi wata uku yana jinya, ko yana neman kuɗin lauya, haƙƙinsa ya bi ruwa ke nan.

Uzurinsu na kullum shi ne ambaliya. Gaskiya ne ƙasar fadama ce, kuma ruwan 2020 da na 2022 ya yi ɓarna mai yawa. To amma yaushe ruwa ya zama baƙo a Haɗejiya? Madatsar Tiga tana nan tun 1974, ta Challawa tun 1992, kachalla kuma ta daɗe tana toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya shimfiɗa kwalta a fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba, ya san abin da zai biyo baya. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a fakewa da ita a ci amana.

Ɗaya uzurin shi ne asusun haɗin gwiwa, wai jiha ce take riƙe kuɗin. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In kuɗin yana isowa, ina aikin? In ba ya isowa, me ya hana masu kujera su fito su faɗa wa jama'a wanda ya riƙe shi?

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Manzon Allah (S) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana Madina, yana tsoron Allah Ya tambaye shi dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi don bai gyara mata hanya ba. Malaman fiƙihu sun hukunta cewa wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, shi zai rama abin da ya halaka a ciki. A nan ƙasar ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin wajiban shugaba. Idan dabba tana da wannan haƙƙi, ina ga mai naƙuda da ake jijjigawa a mota daga Kirikasamma zuwa asibitin Haɗejiya?

Saura matasa. Su ne suka cika buhuna da ƙasa suka tsare jinga lokacin da ruwa ya doso gari, don haka sun san ƙarfin haɗuwa. Cike rami don Allah ibada ce, ba tsayawa da shebur ana roƙon direbobi canji ba. Amma sadakar talaka ba ta sauke wajibin mai mulki. Duk motar da rami ya lalata, a ɗauki hotonta, a rubuta rana da wuri, a ajiye rasit ɗin gyara, a samu shaidu, a kai takarda sakateriya a ƙungiyance, cikin natsuwa, tun wata uku bai cika ba. Mutum ɗaya ake kora daga ƙofar ofis. Ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗejiya ba za su iya korar direbobinsu duka ba.

Su kuma masu riƙe da amana su tuna akwai ranar da babu dokar wata uku, babu kuma cewa hanyar ta Tarayya ce. Allah Ya isar wa raunana, Ya ba matasa sabati a kan gaskiya.

Wassalam.