Ba Waya Ce Ta Kashe Bitar Jarrabawa Ba



Duk wanda ya bi ta Court Road ko Zoo Road da hantsi a watan Afrilu zai ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare sanye da yunifom suna gararamba, alhali WAEC na bakin ƙofa, NECO na biye da ita. Iyaye su ce waya ce, malamai su ce yaran yanzu ba sa son karatu. Mu dai ba mu yarda ba.

Yaron nan mai gudun aji, shi ne da yamma yake zama daram a Islamiyya yana muraja'a. Me ya sa? Ya san gobe malam zai karɓi hadda, kuma ba mai karanta masa. A boko fa, me muke kira bita? Malam ya cika allo, yara su kwafa, a tashi. Ba tambaya, ba gwaji, ba gyara. Wa zai jure wannan cikin zafin bazara?

Mafi muni, an riga an raɗa wa yaro cewa "za a taimaka" ranar jarrabawa, wani uban ma da hannunsa ya biya kuɗin. To karatun me kuma zai yi? Sai dai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma a gabanta ne mai kiredit tara na aro yake zufa.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla, amma doka ba za ta zaunar da yaro a kan benci ba. Abin da zai zaunar da shi mun san shi: a raba su biyar-biyar, a ba su tambayoyin shekarun baya, a sa musu agogo, a maka takardun a ranar, wanda ya gane ya fito allo ya koya wa saura.

Mu da ke wannan zaure, masu difloma da digiri nawa ne a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni? Kowa ya ba da yammaci ɗaya a mako, ya tara yaran layinsu. Iyaye kuma ku daina sayen amsa, ku sayi fitila da littafin tambayoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba ƙannenmu sa'a ta halal.